Sabon Ɗalibin Nazarin Yankuna: Wa Ke da Alhakinsa a Shekarar Farko?

Malam Jagora:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna matsalar da ke cin sababbin ɗalibai a digirin nazarin yankuna, wato wanda ake ɗaukar yanki guda na duniya, kamar Gabas ta Tsakiya ko Gabashin Asiya ko Afirka ta Yamma ko Latin Amurka, a karance shi ta fuskar tarihi da siyasa da tattalin arziki da adabi, a haɗa da harshen mutanen wurin. A takarda tsarin gwanin sha'awa ne. Amma ku duba bambancin: ɗalibin da ya shiga sashen tarihi zalla yana da shugaban sashe ɗaya, jadawali ɗaya, allon sanarwa ɗaya, da 'yan ajin da zai riƙa gani kullum. Shi kuwa namu kwasa-kwasansa biyar sun fito daga sassa huɗu, wani lokaci ma daga tsangayoyi biyu, kuma kowane sashe kallon baƙo yake masa. Ya zama ɗan dangi. Ranar da laccocinsa biyu suka ci karo, sai wannan ofis ya tura shi wancan, wancan ya dawo da shi. Taron wayar da kai na mako guda da ake yi wa kowa da kowa ba ya taɓa wannan matsalar ko kaɗan. To me ya kamata jami'a ta tanada, a wane mako, kuma a hannun wa?

Baba Magatakarda:
Wa alaikumus salam Malam. Tun ran gini tun ran zane. Rabin wahalar nan ana haifar da ita kafin yaron ya tako harabar jami'a, domin ana aika takardun gurbin karatu alhali ba a kammala abu uku ba.

Na farko kujeru. Sashen tattalin arziki, alal misali, zai buɗe rajistar kwas ɗinsa na gabatarwa ga ɗalibansa tukuna. In ɗakin na cin mutum 120 kuma nasa 110 ne, saura goma kenan ga duk sauran jami'a. Shirin da ya ɗauki mutum 30 dole ya riƙe yarjejeniya a rubuce, da sa hannun shugabannin sassan biyu, cewa an ware kujeru 30 har zuwa ƙarshen mako na biyu. Alkawarin baka yana tafiya ne tare da wanda ya yi shi ranar da wa'adinsa ya ƙare.

Na biyu jadawali. Darasin harshe ne ke zama kwana huɗu ko biyar a mako a awa ɗaya, don haka shi ne ke karo da komai. A fara kafa shi, sannan a jera sauran a kewayensa. Yawancin masu tsara jadawali akasin haka suke yi: su zuba manyan laccoci, sannan su nemar wa harshe ragowar gurbi.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓarna, sarƙar sharuɗɗa. A ce kwas ɗin tattalin arzikin yankin na shekara ta uku yana buƙatar matsakaicin kwas na shekara ta biyu, shi kuma yana buƙatar ƙididdiga ta shekarar farko, ita kuma sau ɗaya ake koyar da ita a shekara. Yaron da ba a gaya masa ba ya tsallake ƙididdigar a zangon farko, ba zai ji a jikinsa ba sai bayan shekara guda, lokacin da kwamfuta ta hana shi rajista. Shekara guda cur ta ƙaru masa saboda layi ɗaya da ba a nuna masa ba.

Malamar Harshe:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Bari in sa alƙaluma a kan maganar harshe, don masu tsara manhaja su daina yi masa kallon ƙarin kwas.

Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana da ƙiyasin da aka daɗe ana kafa hujja da shi, na awannin aji da mai jin Turanci yake buƙata kafin ya iya aiki da harshe. Faransanci da Sifaniyanci kimanin awa 600 zuwa 750. Swahili da Indonesiyanci kimanin 900. Rashanci da Turkanci da Hindi, har da Hausa, kimanin 1,100. Larabci da Sinanci da Japananci da Koriyanci kimanin 2,200. Kuma wannan na manya ne da ba su da wani aiki sai koyon, a ƙananan azuzuwa. Yanzu mu lissafa namu: awa huɗu a mako, mako 13 a zango, zango biyu a shekara, shekara uku. Awa 312 kenan. Ko an kai awa biyar a mako, mako 14, shekara huɗu, 560 za a samu. Wanda ya yi wa ɗalibi alkawarin zai karanta jaridar Sinanci da awa 312 bai yi masa adalci ba.

Shi ya sa digirin Larabci da Sinanci da Japananci a Oxford da Cambridge shekara huɗu ne, ɗaya daga ciki a ƙasar da ake harshen. Oxford a shekara ta biyu take tura su, Cambridge a ta uku. Shi ya sa kuma makarantun bazara na Middlebury a Amurka suke sa ɗalibi ya yi alkawarin ba zai yi magana da wani harshe ba sai wanda yake koyo har a tashi. Duk dabarun cike giɓin awanni ne.

Ga sabon ɗalibi, abin da nake ganin wajibi: jarrabawar tantance matsayi kafin rajista, a rubuce da kuma ta baka, minti goma na hira ya isa. Wanda ya tashi da harshen a gida yana magana tiryan-tiryan amma ba ya iya rubutu, in aka haɗa shi da waɗanda ba su san harafi ɗaya ba, shi zai gundura ya daina zuwa, su kuma su karaya. Aji kada ya wuce mutum 15, domin a minti 50 kowa ya samu buɗe baki. Sannan gwaji ƙarami duk mako tun daga mako na biyu. Harshe hawa-hawa ne. Wanda ya rasa mako guda a laccar tarihi zai karanta babin ya cim ma aji, amma wanda ya rasa makon da aka koyar da haɗa haruffan Larabci, duk abin da ya biyo baya duhu ne a wurinsa.

Dakta Mai Tarihi:
Ni fa da sauran magana a gindin tambayar. Kafin mu yi ta neman yadda za a tallafi yaron, shin ya dace a ɗauke shi wannan digirin tun daga matakin farko? Ina da shakku. Ɗan shekara 18 da aka ba shi ɗan tarihi, ɗan siyasa, ɗan adabi, ɗan tattalin arziki, zai fito ya san labarin yankin amma bai mallaki hanyar bincike ko ɗaya ba. Masanin tarihi an koya masa tuhumar takarda: wa ya rubuta, yaushe, don wa, me ya ɓoye. Masanin tattalin arziki an koya masa tuhumar alƙaluma. Mai nazarin al'umma an koya masa zama da mutane watanni yana lura. Kowacce sai an shekara uku ana gogawa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle huɗu.

Ku duba yadda cibiyoyi da yawa suka taso. Shirin nazarin Afirka da Melville Herskovits ya kafa a jami'ar Northwestern a 1948 mahaɗa ce ta malaman da kowannensu ke da sashensa. Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1962 zamanin shugabancin masanin tarihi Kenneth Dike, bincike da karatun gaba da digirin farko ta sa a gaba. Hikimar ita ce mutum ya zo da sana'arsa a hannu, sannan ya ɗora ta a kan yanki. A shekarun 1990 ma da aka yi ta sukar nazarin yankuna a Amurka, musamman daga masana kimiyyar siyasa, zargin kenan: bayani mai yawa, ƙa'ida kaɗan.

Farfesa Tsohon Hannu:
Dakta, hujjarka tana da nauyi, kuma na yarda da rabinta. Inda muka rabu shi ne harshe. Malama ta ba mu lissafi yanzu. Wanda ya jira sai digiri na biyu, mai shekara ɗaya ko biyu, kafin ya fara Larabci ko Japananci, yaushe zai tara awannin? Zai ƙare yana nazarin mutane ta bakin tafinta da littattafan baƙi. Wannan kuwa ya yi kama da laifin da marubuci Edward Said ya ɗora wa masana Gabas na Turai a 1978, cewa sun ƙera wa mutane kamanni daga nesa. Kuma gaskiya ne fannin nan da buƙatar masu mulki ya taso. Makarantar SOAS ta Landan, wato ta nazarin Gabas da Afirka, an kafa ta a 1916, aikinta na farko har da horar da jami'an daular Birtaniya, sai a 1938 aka ƙara Afirka cikin sunanta. A Amurka dokar ilimi don tsaron ƙasa ta 1958 ce ta zuba kuɗi a cibiyoyin harsuna da yankuna, shekara guda bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik. Kwame Nkrumah da ya buɗe Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon a Ghana a 1963, abin da ya nema shi ne a juya wannan alƙiblar, a karanci Afirka daga cikinta. Ya kamata a gaya wa sabon ɗalibi wannan tarihin tun zangon farko, kuma jerin karatunsa ya ƙunshi marubutan yankin da kansu tun daga makon farko, kada a ajiye su sai shekarar ƙarshe.

Maganin damuwarka, Dakta, ƙashin baya ne, wato fanni guda da digirin zai jingina a kansa. Mu ɗauki ECTS, ma'aunin nauyin karatu na Turai: maki 60 a shekara, kowane maki awa 25 zuwa 30 na aikin ɗalibi, digirin shekara uku maki 180. Rabon da nake ganin zai tsaya da ƙafarsa: 60 harshe, 60 fanni guda da ɗalibin ya zaɓa har da kwasa-kwasan hanyar bincikensa, 40 kwasa-kwasan yankin daga sauran fannoni, 20 kundin kammalawa. Wanda ya bi haka zai iya cewa ni ɗalibin tarihi ne mai jin Farisanci, ko ɗalibin siyasa mai jin Swahili, kuma sashen tarihi ko na siyasa zai karɓe shi a digiri na biyu. Shirin da ya ce wa yaro zaɓi duk abin da ka ga dama daga kwasa-kwasai 70, wannan ne ke haifar da irin ɗalibin da kake tsoro.

Dakta Mai Tarihi:
Ranka ya daɗe, in da ƙashin bayan to na sassauta. Amma a rubuta shi cikin dokar digirin, kada a bar shi a matsayin shawara. Kuma a tilasta zaɓen fannin kafin ƙarshen shekarar farko.

Anti Mai Shawara:
Ku gafarce ni malamai, kun yi nisa cikin manhaja, bari in dawo da mu kan yaron da ke zaune a bayan ɗakin lacca mai mutum 300 bai san kowa ba.

Masanin ilimi Vincent Tinto tun a 1975 ya nuna cewa zaman ɗalibi ko ficewarsa ya dogara sosai da yadda ya saje da jami'ar ta fuska biyu, karatu da kuma mu'amala. Ɗalibin nazarin yankuna yana da rauni a ta biyun saboda tsarin kansa ya warwatsa shi. Don haka abu na farko shi ne a ƙirƙira masa aji. Kwas guda na mako-mako, awa biyu, mutum 15 zuwa 20, na 'yan shirin kaɗai, mai maki, kuma malamin da ke koyar da shi shi ne jagoransu. Asalin irin wannan kwas a zamanin nan ana danganta shi da jami'ar South Carolina, wadda ta fara nata a 1972. In ba maki a kai ba za su zo ba, domin yaro yana auna lokacinsa da abin da zai fito a takardar sakamako. In kuma aka cika shi da wa'azin yadda ake tsara lokaci zalla, za su zo da jiki ban da zuciya. A ɗauki tambaya guda ta gaske daga yankin, kamar rabon ruwan kogin Nilu tsakanin Habasha da Sudan da Masar, a kawo masanin tarihi mako ɗaya, masanin labarin ƙasa mako na gaba, sai masanin dokar ƙasa da ƙasa. Ta nan yaron zai ga dalilin haɗa fannonin da idonsa, dabarun karatu kuma a saƙa su a ciki.

Ganawa da jagora kuwa kada a ce "ƙofata a buɗe take". Wanda ya fi buƙatar shiga shi ne ba zai ƙwanƙwasa ba. A sa ta cikin jadawali: mako na ɗaya don duba rajista layi-layi, mako na huɗu bayan gwajin harshe biyu ko uku sun fito, mako na takwas bayan an dawo da rubutun farko amma kafin ranar ƙarshe ta ajiye kwas ba tare da an rubuta faɗuwa ba. Minti ashirin kowacce. Tambayar "ya karatu?" amsarta "lafiya lau" ce koyaushe. A tambaye shi: wane darasi ka rasa a makon jiya? Awa nawa ka ba harshe a wajen aji? Nuna min rubutun da aka dawo maka da shi. Wa kake karatu da shi? A ina kake kwana, kuma minti nawa kake yi kafin ka iso? Sau da yawa matsalar ba ta karatu ba ce, masauki ne, ko bashin kuɗin makaranta, ko aikin dare, ko ido da ba ya ganin allo. Jagora ba likita ba ne, aikinsa ya san ofishin da ya dace, ya kira a gaban yaron, ya sa masa rana, sannan ya bibiya bayan mako guda.

Malam Jagora:
Anti, mutum nawa jagora ɗaya zai iya riƙewa a haka?

Anti Mai Shawara:
Lissafa da kanka Malam. Ganawa uku ta minti 20 awa guda kenan ga kowane ɗalibi a zango, sai ka ninka biyu saboda rubuta bayani da bibiya. Malamin da ke da cikakken nauyin koyarwa da bincike, 15 zuwa 20 ne iyakarsa, kuma a rage masa wani aikin a madadin. Wanda jagoranci ne aikinsa kacokan zai riƙe fiye da haka nesa ba kusa ba. Jami'ar Georgia State a Amurka tun 2012 take amfani da manhajar da ke duba bayanan ɗalibai kullum da alamomin haɗari sama da 800, kamar yin rajistar kwas ɗin da ba ya cikin digirin mutum, ko samun maki mai rauni a kwas ɗin share fage, sai jagora ya nemi ɗalibin cikin kwana biyu. Amma ku lura sun ɗauki ƙarin masu ba da shawara da yawa a lokaci guda. Manhajar ƙararrawa ce kawai, in ba mai amsawa sai ta yi ta kaɗawa. Ƙaramin shiri mai mutum 30 ba ya buƙatarta ma. Takarda guda da malaman harshe za su cika duk Juma'a, wa ya rasa aji biyu a jere, wa ya faɗi gwaji biyu, ta wadatar, tunda malamin harshe ne kaɗai ke ganin yaron kusan kullum.

Mai Laburare:
Akwai wani ramin da ba a faɗa ba, kuma a mako na shida zuwa na takwas ake faɗawa cikinsa, lokacin rubutun farko. Yaro ɗaya, malamai uku, ƙa'ida uku. Malamin tarihi yana son madogara a ƙasan shafi da lambar shafin da aka ɗauko. Malamin siyasa yana son sunan marubuci da shekara a cikin jimla, da hasashen da za a gwada tun a sakin layi na farko. Malamin adabi yana son a ɗauki layi huɗu a tsefe su kalma-kalma. Yaron ya yi wa na biyu irin abin da na farko ya yaba, sai a ba shi maki kaɗan, ya ɗauka shi ne daƙiƙi. Ba wanda ya taɓa ce masa fannoni ba hujja iri ɗaya suke karɓa ba. Awa biyu ta isa: a ajiye masa rubutu uku masu kyau daga fannoni uku a kan tebur, a nuna inda suka bambanta.

Satar rubutu ma a nan take farawa, yawanci ba da gangan ba. Yana kwafe jimloli cikin littafinsa na rubutu ba tare da alamar ɗauko ba, bayan mako uku ya manta wanne ne nasa. A koya masa tun farko: duk abin da ka kwafa sa shi cikin alamar zance da lambar shafi a take. Kuma fassara ba ta wanke sata. Ɗaliban yankuna sun fi kowa faɗawa wannan, su ɗauko sakin layi daga Faransanci ko Larabci su mayar da shi wani harshe, su zaci ya zama nasu.

Sai binciken kundin laburare. Sunayen da asalinsu ba da haruffan boko ake rubuta su ba suna zuwa da siffofi da yawa. Mao Zedong a tsofaffin littattafai Mao Tse-tung ne, Beijing kuma Peking, domin manyan laburaren Amurka sai a shekarar 2000 suka koma pinyin, sabon tsarin rubuta Sinanci da haruffan boko. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo za ka same shi a Usman dan Fodio, da Uthman ibn Fudi, da Uthman b. Fudi. Yaron da ya buga siffa ɗaya ya ga sakamako uku zai dawo ya ce ba a yi rubutu a kan batun ba. Wannan darasin a yi shi a makon da aka ba da aikin, da taken da ke hannunsu. Zagayen laburare na makon farko, inda ake bin ma'aikaci a baya ana kallon kantoci, ba ya zama a kan kowa.

Malamar Harshe:
Wallahi haka ne ɗan'uwa. In ƙara da madannin kwamfuta: a zauna da su rabin awa a saka musu haruffan harshen a waya da kwamfuta, su koyi bugawa. Ƙaramin abu ne amma yana hana yaro amfani da ƙamus na intanet wata da watanni.

Baba Magatakarda:
Ina da ja a kan wani abu da ake yawan yabawa, wato haɗa sabon ɗalibi da na gaba da shi. Yana da amfani wajen nuna hanya da kwantar da hankali. Amma ɗan aji uku ya shigo ne a ƙarƙashin dokar shekararsa. In an sauya manhaja a bara, shawarar da zai bayar da zuciya ɗaya ita ce za ta jefa yaron cikin kariyoba. A gaya musu ƙarara: maganar wane kwas za a ɗauka ko a ajiye ta jagora ce kaɗai.

Anti Mai Shawara:
Na yarda Baba, sai dai kada a zubar da tsarin gaba ɗaya. Akwai wanda aka gwada shekara da shekaru, wanda Deanna Martin ta fara a jami'ar Missouri da ke Kansas City a 1973, ya bazu har Birtaniya da Ostareliya da Afirka ta Kudu. Hikimarsa ita ce kwas ake yi wa lamba mai wuya, ba ɗalibi ake yi wa lamba mai rauni ba. Ana duba kwas ɗin da kimanin kashi 30 cikin ɗari ko fiye suke faɗuwa ko samun maki mafi ƙasa ko janyewa, a ɗauko ɗalibin da ya ci shi da kyau, a horar da shi, ya sake zama cikin laccocin, sannan ya jagoranci zaman bita ga duk mai so tun daga makon farko. Ba ya sake laccar, ba ya ba da amsa, tambaya yake mayarwa ga rukunin. Tunda kowa na zuwa, ba mai jin kunya. A shirin yankuna kwasa-kwasan da suka fi cancanta su ne harshe na matakin farko da ƙididdiga. Inda yake lalacewa: in ba a biyan jagororin ko ba su maki, su watse lokacin jarrabawarsu, ko in aka sa zaman a awar da ta ci karo da wata laccar.

Farfesa Tsohon Hannu:
Duk abin da kuka lissafa kuɗi ne da lokacin ma'aikata, kuma a nan shirye-shiryen haɗaka suke mutuwa. A jami'o'i da yawa kasafi yana bin rajistar kwas zuwa sashen da ya koyar, ƙarin girman malami kuma daga sashensa yake fitowa. To malamin da aka raba tsakanin sashen siyasa da cibiyar yanki, in ya ba ɗaliban cibiyar awa biyar a mako, wa zai lissafa masa? Kwamitin sashensa muƙalu zai ƙirga. Shi ya sa jagorancin yake faɗawa kan ƙaramin malami ɗaya mai tausayi, ya yi shekara biyu ya gaji. Dole shirin ya samu darakta mai kujera a majalisar tsangaya, da jami'in gudanarwa na dindindin, da wani kaso na kuɗin kowane ɗalibi da zai tsaya a hannunsa, kuma a rubuta awannin jagoranci cikin nauyin aikin malami. Jami'ar da ba ta shirya yin wannan ba gara ta jinkirta buɗe digirin.

Sannan a bar wa yaro ƙofar fita. Wasu za su gane a wata na huɗu cewa harshen ya fi ƙarfinsu, ko yankin ba shi suke so ba. A Holand jami'o'i suna da doka mai ɗaurewa a ƙarshen shekarar farko. A jami'ar Leiden, wadda ke da digirin da ake zaɓar ɗaya daga yankuna takwas tare da harshensa, wanda bai tara maki 45 cikin 60 ba yawanci ba ya ci gaba da wannan digirin. Ko mutum ya so dokar ko ya ƙi, tana tilasta a faɗa wa yaro gaskiya da wuri. Abin da na fi so shi ne a tsara shekarar farko yadda aƙalla rabin makinta zai karɓu a sashen tarihi ko na siyasa kai tsaye, don mai son sauyawa ya shiga aji biyu ba tare da ya koma baya ba.

Malamar Harshe:
Ranka ya daɗe, ina da ƙari a kan masu cewa harshen ya fi ƙarfinsu. Kada a yanke hukunci da sakamakon wata biyun farko a harsunan da ke da sabon rubutu. Nauyin haruffa ne ke danne su, da yawa suna miƙewa bayan an wuce wannan tudun. A duba ko yana zuwa aji, yana kuma ba harshen awa guda kullum a wajen aji. In yana yi kuma bai motsa ba har ƙarshen zango, sannan a yi maganar sauyi. Mai tara karatun mako guda ya yi shi ranar Lahadi awa shida, wannan hanyarsa ce za a gyara.

Malam Jagora:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage min, Baba. Kwas ɗin da sassa biyu suka yi tarayya a kansa, mai lamba biyu, yaya ake hana shi rikita takardar sakamako?

Baba Magatakarda:
A kwamfutar rajista a mayar da ɗaya uwa, ɗayar kuma inkiya da ke nuni zuwa gare ta, yadda duk lambar da yaro ya danna suna ɗaya zai shiga, kuma na'urar ta ƙi karɓar ta biyun. In ba a yi haka ba abu biyu ke faruwa: ko ya yi rajistar kwas ɗaya sau biyu yana zaton ya cika makinsa, sai a shekarar ƙarshe a soke ɗaya ya rasa maki uku, ko kuma malamin ya shigar da sakamako a ƙarƙashin lambar sashensa, ɗalibin da ya yi rajista da ɗaya lambar ya fito ba sakamako. Jami'in shirin ya buga jerin sunayen kowane kwas a ƙarshen mako na biyu, ya kai wa malamin hannu da hannu su gwada da na ajinsa. Duk sunan da ke ɗaya babu a ɗaya a gyara shi kafin a rufe rajista a mako na uku, domin bayan nan sai an kai takarda gaban majalisar jami'a.